Jackie Coogan: Yaron Da Ya Tara Dukiya, Manya Suka Cinye

A yau duk wanda ya leƙa gidajen Birnin Kudu ko Gwaram bayan sallar isha'i, zai tarar da iyali sun kewaye talabijin ko wayar hannu suna kallon wasan kwaikwayo mai dogon zango, kuma sau da yawa ƙananan yaran da ke cikin shirin ne suke sace zuciyar masu kallo. Amma ko mun taɓa tambayar inda ladan aikin waɗannan yara yake zuwa? Tarihin Jackie Coogan ya isa ya sa mu yi wannan tambaya.

An haifi Coogan a birnin Los Angeles na Amurka ranar 26 ga Oktoba, 1914. Yana ɗan shekara shida ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid na 1921, inda ya taka rawar yaron da aka tsinta a titi. Nan da nan sunansa ya game duniya, har aka ƙiyasta cewa ya samu dala miliyan 3 zuwa 4 kafin ya mallaki hankalin kansa.

A 1935 mahaifinsa ya rasu a hatsarin mota. Da ya cika shekara 21 ya nemi dukiyarsa, sai ya tarar mahaifiyarsa da sabon mijinta, Arthur Bernstein, sun yi facaka da ita. A 1938 ya kai su kotu, amma abin da ya shigo hannunsa bai wuce dala 126,000 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan shari'a ce ta sa jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1939, wadda ake kira da sunansa. Bayan gyaran da aka yi mata, ta wajabta a ajiye kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ya samu a wani asusu har ya girma.

Coogan bai karaya ba. Ya yi aikin soja a Burma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kuma ya sake yin suna a matsayin Kawu Fester a shirin barkwanci na iyali mai suna The Addams Family, daga 1964 zuwa 1966. Ya mutu ranar 1 ga Maris, 1984.

To, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da ƙungiyar MOPPAN su shimfiɗa ƙa'ida: rubutacciyar yarjejeniya, kason da za a ajiye wa yaro, da sharaɗin kada ɗaukar shiri ya ci lokacin makaranta. Gumin yaro amana ce a wuyan iyayensa da masu shirya fim, kuma za a tambaye su a kanta. Allah Ya sa mu gane.