Ignaz Semmelweis: likitan da ya gano cutar da hannun likita ke ɗauke da ita

An haifi Ignaz Semmelweis a ranar 1 ga Yulin 1818 a Buda, ƙasar Hungari. A 1846 ya fara aiki a sashen haihuwa na babban asibitin Biyana, a Ostiriya, inda zazzaɓin jego ke kashe mata. Sashen yana da ɗakuna biyu. A na farko, inda likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, kusan mace ɗaya cikin goma ke mutuwa. A na biyu, hannun ungozomomi, mutuwar ba ta kai rabin haka ba. Har mata kan yi kuka suna roƙon kada a kwantar da su a ɗakin likitoci.

A 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙar fiɗa ta yanke shi a wurin binciken gawa, da alamu irin na matan nan. Nan Semmelweis ya gane bakin zaren: ɗalibai na fitowa daga ɗakin gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. Sai ya tilasta wa kowa wanke hannu da ruwan kulorin, dangin ruwan jabel. A Afrilun 1847 mutuwar ta kai kashi 18 cikin ɗari. Zuwa Yuli ta sauko ƙasa da kashi 2.

Amma manyan likitoci da dama ba su yarda hannunsu ne ke kisa ba, kuma a lokacin ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ke haddasa ciwo ba. Ba a sabunta masa aikinsa ba, ya koma gida a 1850. Littafin da ya wallafa a 1861 ma suka ya sha. A 1865 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Biyana, inda ya rasu ranar 13 ga Agusta yana da shekara 47, sakamakon raunin hannu da ya ruɓe.

Bayansa ne binciken Louis Pasteur da Joseph Lister ya gaskata shi. A yau, a ɗakunan kula da masu tsananin jinya, inda bututun numfashi da robar fitsari ke buɗe wa cuta ƙofa, wanke hannu kafin taɓa majinyaci shi ne garkuwa ta farko. Jami'ar koyon likitanci ta Budapest na ɗauke da sunansa.