Sam Barry

Justin McCarthy Barry, wanda aka fi sani da Sam Barry (an haife shi ranar 17 ga Disamba, 1892, ya rasu ranar 23 ga Satumba, 1950), mai horar da 'yan wasa ne ɗan ƙasar Amurka. Shi ne ya aza harsashin tsarin kai hari a ƙwallon kwando da ake kira tsarin alwatika.

Farkon rayuwa da aiki

An haife shi a garin Aberdeen, jihar Dakota ta Kudu. Ya fara horarwa a makarantar sakandare a Madison, sannan a kwalejin Knox. Daga 1922 zuwa 1929 ya riƙe ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Iowa. A 1929 ya koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles, inda ya ci gaba da aiki har ƙarshen rayuwarsa, in ban da shekarun da ya yi a rundunar sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1940 ya kai ƙungiyarsa wasan kusa da na ƙarshe a gasar jami'o'i ta ƙasa, Kansas ta fitar da su da maki 43 da 42. Yana kuma horar da 'yan wasan besbol, kuma a 1948, tare da Rod Dedeaux, suka ci kofin ƙasa bayan sun doke Yale.

Tsarin alwatika

A tsaron mutum da mutum, kowane mai tsaro yana da ɗan wasa guda da yake bi duk inda ya sa ƙafa. Dabarar Barry ita ce a raba masu tsaron yadda ɗaya ba zai iya kai wa ɗan'uwansa ɗauki ba sai ya saki nasa. 'Yan wasa uku ke tsayawa a ɓangare ɗaya na fili kamar duwatsun murhu: dogon cikinsu kusa da kwando, na biyu a gefe, na uku a kusurwa. Sauran biyun suna ɗaya ɓangaren.

Da zarar an miƙa wa dogon ƙwallo, sai sauran su ruga ta gefensa zuwa kwando. Idan mai tsaro ɗaya ne a kansa, ya juya ya jefa. Idan biyu suka taru masa, to an bar wani a sake, sai ya tura masa. Idan an toshe ɓangaren gaba ɗaya, ƙwallo ta koma wajen biyun can. Ƙarfin tsarin shi ne motsin mai tsaro ke nuna inda ƙwallo za ta bi, amma yana da wuyar koyo, domin dole dukkan biyar ɗin su iya miƙa ƙwallo kuma su karanci fili.

Tex Winter, wanda ya yi wasa a hannun Barry a kakar 1946 zuwa 1947, shi ne ya faɗaɗa tsarin, ya rubuta littafi a kansa a 1962. Da wannan tsari Phil Jackson ya ci kofin NBA sau shida da Chicago Bulls, sau biyar da Los Angeles Lakers. Yawancin masu kallo sunan Winter suka sani, ba na malaminsa ba.

Sauya dokar wasa

A da, duk lokacin da aka ci kwando sai a koma tsakiyar fili alƙalin wasa ya wurga ƙwallo sama, abin da ke rage saurin wasa, ya kuma fifita ƙungiyar da ke da dogon mutum. Barry na cikin waɗanda suka dage sai an soke wannan doka, aka kuwa soke ta a 1937.

Rasuwa

Ya rasu a Berkeley sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 57, a ranar da ya je nazarin wasan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. A 1979 aka sanya sunansa a zauren karramawa na Naismith.