Bernard Fagg, Baturen da ya fito da tarihin Nok

A shekarar 1943 aka tono wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a wata mahaƙar kuza da ke yankin Jama'a, kusa da Kafanchan. Wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Da aka kai shi Jos, sai ya faɗa hannun Bernard Fagg, matashin jami'in mulkin mallaka, haifaffen Ingila a 1915, wanda ya karanci ilimin kayan tarihi a Jami'ar Cambridge.

Fagg ya ga kamannin ƙirarsa da wani kan da aka tono a ƙauyen Nok a 1928. Daga nan ya dinga bin mahaƙai yana roƙon leburori kada su farfasa abin da suka tono, har ya raɗa wa wannan al'ada sunan Nok. Shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Tonon da ya yi a Taruga kuwa ya bankaɗo murahun narka tama, shaidar cewa mutanen sun san ƙarfe ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Daga baya ya shugabanci gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford. Ya rasu a 1987.