Guglielmo Marconi: Mutumin da ya gano sirrin doguwar eriya

Mai sauraren rediyo da ke ɗaura waya a kan gora ko reshen bishiya don ya kamo tashar nesa, yana amfani ne da dabarar da ta haura shekara 100 a duniya. Wanda ya yi fice da ita shi ne Guglielmo Marconi, ɗan ƙasar Italiya da bai taɓa yin karatun digiri a jami'a ba.

An haife shi ranar 25 ga Afrilun 1874 a birnin Bologna. Mahaifinsa, Giuseppe, attajiri ne mai gonaki, mahaifiyarsa Annie Jameson kuwa 'yar ƙasar Ireland ce. Yawancin karatunsa a gida ya yi shi a hannun malamai.

Daga ɗakin sama zuwa bayan tsauni

A 1894 Marconi ya fara gwaje-gwaje a ɗakin saman gidansu, bayan ya karanta binciken masanin Jamus Heinrich Hertz kan igiyoyin lantarki da ke tafiya a iska. Burinsa shi ne ya aika saƙon tangaraho ba tare da waya ba. Da farko saƙon ba ya nisa.

A 1895 ya fito da kayansa fili ya yi abu biyu. Ya ɗaga wayar eriya sama, sannan ya haɗa ɗaya ɓangaren na'urar da ƙarfen da ya binne a ƙasa. Nan take saƙon ya kai kusan kilomita 2, har ya tsallake wani tsauni. Ya lura cewa gwargwadon tsawon eriya da tashinta sama, gwargwadon nisan da saƙo ke kaiwa.

Da bai samu goyon baya a gida ba, sai ya tafi Ingila tare da mahaifiyarsa a 1896. Can ya yi rajistar fasaharsa, ya kafa kamfani a 1897. A 1899 saƙonsa ya tsallake ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa.

Tsallake Tekun Atlantika

Masana da yawa na ganin saƙon ba zai iya ƙetare teku ba, tunda duniya a lanƙwashe take. Marconi ya zuba maƙudan kuɗi ya gina tasha a Poldhu da ke kudu maso yammacin Ingila, amma a watan Satumban 1901 guguwa ta kayar da turakunta 20. Ya sa aka kafa ƙaramar eriya a madadinsu, shi kuma ya nufi Newfoundland, wadda yanzu ke cikin Kanada.

A can babu turaku. Ya ɗaura waya a jikin balan-balan, iska ta tsinke ta tafi da shi. Sai ya koma ga wani abin tashi na ƙyalle da sanduna, irin wanda ake sakar wa zare iska ta ɗaga, ya ɗaga waya mai tsawon kimanin mita 150. Ya sanar da cewa ranar 12 ga Disamban 1901 ya ji ƙara uku a jere, alamar harafin S, daga nisan kusan kilomita 3,500.

Wasu sun yi shakka, domin shi da mataimakinsa kaɗai suka saurara. Don haka a Fabrairun 1902 ya sake gwaji a cikin jirgin ruwa, ana rubuta saƙon a takarda. Da dare cikakken saƙo ya kai kusan kilomita 2,500, da rana kuwa ya tsaya a wajen 1,100.

Daga baya aka gane dalili. Akwai wani sashe can saman sararin samaniya da ke maido da igiyoyin rediyo ƙasa bayan faɗuwar rana. Shi ya sa har yau tashoshin AM, wato na matsakaicin zango, suka fi kamuwa daga nesa da dare. Mai son gwada dabarar ya miƙa doguwar waya a waje, ya ɗaga ta sosai, ya nisanta ta da wayoyin wutar lantarki, kuma ya cire ta daga rediyo idan hadari ya taso.

Suna da tabo

A 1909 Marconi ya samu kyautar Nobel tare da Bajamushe Karl Ferdinand Braun. Lokacin da jirgin Titanic ya nutse a 1912, ma'aikatan kamfaninsa ne suka aika kiran neman agaji, aka ceto mutum kusan 700.

Sai dai tarihinsa ba ya rasa tabo. Ya shiga jam'iyyar Mussolini a 1923, kuma ya goyi bayan mamayar da Italiya ta yi wa Habasha a 1935.

Ya mutu a birnin Rum ranar 20 ga Yulin 1937 yana da shekara 63. Domin juyayinsa, tashoshin rediyo da dama a duniya sun yi shiru na minti 2.