JANAR CHOI HONG HI: MUTUMIN DA YA RAƊA WA TEKWANDO SUNA

Yawancinmu mun taɓa ganin tekwando a talabijin. Mutum biyu ne sanye da fararen kaya, kowa da garkuwar ƙirji da hular kare kai, suna ta kai wa juna shuri, alƙali yana tsakaninsu. Wasu daga cikinmu kan ce ai wannan wasa ne kawai, kamar ƙwallo ko tseren gudu. Wasu kuma su ce a'a, hanyar faɗa ce da mutum zai iya ƙwatar kansa da ita. Wannan gardama ta girme mu duka. Ita ce ta raba manyan malaman tekwando gida biyu, tana kuma cikin abubuwan da suka sa mutumin da ya raɗa wa abin suna ya ƙare rayuwarsa nesa da ƙasar da ya yi wa aikin soja. Sunansa Janar Choi Hong Hi.

Ƙuruciyarsa

An haifi Choi ran 9 ga Nuwamba, 1918, a gundumar Myongchon, cikin duwatsun arewacin Koriya. A lokacin Koriya ƙasa ɗaya ce, amma tana hannun Japan, wadda ta mallake ta tun 1910. Yaro ne ɗan tsurut, mai yawan ciwo, har iyayensa suna damuwa da shi. Sai dai akwai shi da taurin kai. Bisa ga labarin da ya bayar da kansa, an kore shi daga makaranta yana ɗan shekara 12, saboda ya shiga cikin masu yi wa hukumar Japanawa bore. Daga nan mahaifinsa ya kai shi wurin wani malami mai suna Han Il Dong don ya koyi rubutun zayyana da burushi.

Choi ya sha faɗi cewa wannan malami ya koya masa taekkyon, wani tsohon wasan shuri na mutanen Koriya. Masu binciken tarihi da yawa ba su yarda da wannan ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, a ƙarshen shekarun 1930 ya tafi Japan karatu, ya zauna a Kyoto sannan Tokyo, ya koyi kareti har ya sami baƙar ɗamara. Da kareti ya fara, kuma daga cikinsa ne tekwando na farko ya ɗauki yawancin tsayuwarsa da naushinsa da karewarsa.

Kurkuku da aikin soja

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, Japan ta tilasta wa ɗaliban Koriya shiga sojanta. Choi yana cikinsu. Aka kai shi Pyongyang, inda shi da wasu ɗalibai suka ƙulla shirin tawaye. Asirinsu ya tonu, aka jefa shi kurkuku. Ya ce a cikin ɗan ɗakin nan ya ci gaba da motsa jikinsa yana maimaita abin da ya koya, don kada ƙarfinsa da hankalinsa su gushe. Bai fito ba sai a watan Agusta na 1945, da Japan ta miƙa wuya.

A watan Janairu na 1946 ya zama ƙaramin hafsa a sabuwar rundunar da aka kafa a kudancin Koriya. Nan da nan ya soma koya wa sojojin da ke ƙarƙashinsa faɗan hannu. Ya yi ta samun ƙarin girma, ga kuma yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, har ya kai muƙamin Manjo-Janar a 1954. A tsibirin Jeju ya kafa runduna ta 29, ya sa wannan horo ya zama tilas ga kowane soja a cikinta. Babban mataimakinsa shi ne Nam Tae Hi, wanda ya taɓa fasa tulin fale-falen rufin ɗaki 13 da hannu a gaban Shugaba Syngman Rhee.

Ya kamata mu lura da wannan wuri. Mutanen da Choi ya fara koya wa ba lambar yabo suke nema ba. Sojoji ne waɗanda wata rana harsashi zai iya ƙare musu, su tsaya gaba da gaba da abokin gaba. Saboda haka aka koya musu bugun maƙogwaro da na ido, da gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da yadda ake kuɓuta idan an riƙe mutum. Babu mai tambaya a lokacin ko abin wasa ne.

Raɗin suna

Bayan tafiyar Japanawa, makarantun faɗa da dama sun buɗe a Koriya. Ana kiran kowace ɗaya kwan. Akwai Chung Do Kwan, da Moo Duk Kwan, da Jidokwan, da sauransu, shi kuma Choi ya kafa Oh Do Kwan a cikin soja. Sunayen da suke kiran sana'arsu da su fassarar kalmar kareti ce kawai, wato sunan da tsoffin masu mulkinsu suka bari. Choi ya ga wannan abin kunya ne ga ƙasar da ta sami 'yanci. Ran 11 ga Afrilu, 1955, aka yi taron manya, ya kawo sabon suna, aka karɓa. Tae na nufin shuri da ƙafa, kwon dunƙulen hannu, do kuwa hanya ko tarbiyya.

Ba dukan malamai ne suka so sunan ba, kuma ba dukansu suka so Choi ba, domin mutum ne mai son a bi nasa. Duk da haka a 1959 aka kafa ƙungiyar tekwando ta Koriya, ya zama shugabanta, ya kuma jagoranci sojoji zuwa Biyetnam ta Kudu da Taiwan suka nuna gwanintarsu.

Inda hanya ta rabu

A 1961 Janar Park Chung Hee ya yi juyin mulki. Shi da Choi ba sa ga maciji. Choi ya bar soja a 1962, aka tura shi Malesiya jakada. Can ya sami sukunin tsara jerin motsin da ake kira tul, wanda ɗalibi yake yi shi kaɗai kamar yana faɗa da abokan gaba da ba a gani. A ƙarshe suka zama 24, daidai da sa'o'in yini. Yawancinsu suna ɗauke da sunayen jarumawa da malaman Koriya na dā. Na ƙarshensu, Tong-Il, ma'anarsa haɗewar Koriya ta koma ƙasa ɗaya.

Yana can waje, malaman da ke gida suka ɗauki wata hanya. Suka sa garkuwar ƙirji, suka tsara dokokin ba da maki, suka hana naushi a fuska, suka shigar da abin cikin gasar wasannin ƙasa. Dalilinsu a fili yake. In ana so duniya ta karɓi tekwando, dole ya zama abin da za a yi gasarsa a gaban 'yan kallo ba a kashe kowa ba, dole kuma ya bambanta da kareti. Shi ya sa suka ba ƙafa fifiko a kan hannu.

Choi bai gamsu ba. A ganinsa tekwando hanyar kare kai ce da gyaran hali, gasa kuwa ɗan reshe ne a jikinta. Littafin da ya buga da Turanci a 1965 ma a kan kare kai ya tsaya. Ran 22 ga Maris, 1966, ya kafa tasa ƙungiya ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ITF, da ƙasashe tara. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A 1972 ya bar Koriya ta Kudu ya koma Toronto a Kanada da ƙungiyarsa. A shekarar nan aka buɗe Kukkiwon, babbar cibiyar tekwando a Seoul, sannan a 1973 aka kafa WTF ƙarƙashin Kim Un Yong, da goyon bayan gwamnati.

Kada mu ɗauka Choi ya ƙi gasa ɗungum. ITF ta yi gasarta ta duniya ta farko a Montreal a 1974. Bambancin shi ne, a wajensu ana barin naushi a fuska amma ba da dukan ƙarfi ba, ana kuma gwada mutum a tul da fasa katako. A wajen WTF ana dūka da ƙarfi, amma a wuraren da doka ta yarda kawai.

Ƙarshen rayuwarsa

Kuɗi da ƙarfin gwamnati suna wajen WTF, malaman Choi suka yi ta barinsa. A 1980 ya ɗauki ayari ya kai tekwando Koriya ta Arewa. Shi ya ce abin na dukan 'yan Koriya ne. A Kudu kuwa aka ɗauke shi maci amana, aka daina ambaton sunansa, wasu tsoffin almajiransa ma suka juya masa baya. A 1985 ya mai da hedkwatar ITF zuwa Vienna. Ya bar babban kundi mai juzu'i 15 a kan tekwando.

Yana raye ya ga ɗaya ɓangaren ya ci nasara. An nuna tekwando irin na WTF a Olamfik na Seoul a 1988 da na Barcelona a 1992, ya zama cikakken wasan lambar yabo a Sydney a 2000. Choi ya rasu a Pyongyang ran 15 ga Yuni, 2002, da ciwon dajin ciki, yana da shekara 83. Can aka binne shi. Bayan rasuwarsa ITF ta dare gida uku. Koriyar da ya yi marmarin gani a haɗe kuwa har yanzu a rabe take. Amma a 2014 WTF da ɓangaren ITF da ke tare da Arewa suka sa hannu a yarjejeniyar mutunta juna, a 2018 kuma 'yan wasansu suka nuna gwaninta tare a lokacin Olamfik na hunturu na PyeongChang.

To, wasa ne ko faɗa?

Rayuwar Choi ta nuna mana cewa amsar tana wurin irin horon da mutum ya sha. Doka ita ke gina ɗan wasa. A Olamfik na Paris a 2024, naushi a ƙirji maki 1 ne, shuri a ƙirji 2, shuri a ka 3, in da juyi aka yi shi 5. Wanda ya girma a wannan doka zai saba da sakin hannuwansa ƙasa, tun da ba mai naushinsa a fuska, zai kuma saba da tsayawa a ƙafa ɗaya. A kan titi babu alƙali, babu tabarma mai laushi, kuma ba lalle mutum ɗaya ne zai tare ka ba. A ɗaya gefen, wanda ya haddace tul 24 amma bai taɓa karawa da mai ramawa ba, shi ma akwai sauran aiki a gabansa. Ɗan gasa ya san zafin dūka, ya san nisa da lokaci, yana da numfashi. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Kuma hanyar wasa ta kawo alheri har ƙofar gidanmu. Chika Chukwumerije ya samo wa Nijeriya tagulla a Beijing a 2008. Issoufou Alfaga Abdoulrazak ya samo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta samu tun 1972, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

Choi ya bar wa almajiransa ƙa'idodi biyar: ladabi, riƙon gaskiya, naciya, kamun kai, da zuciyar da ba ta karaya. Shi kansa ya fi ƙarfi a naciya da rashin karaya, ya gaza a wajen zama da abokan aikinsa, abin da ya jawo masa hasara mai yawa. Mu ɗalibai da muke sha'awar koyon tekwando, mu tambayi malami tun farko wane iri yake koyarwa, mu san abin da ɗamararmu za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In ɗan fashi ya tare mu da wuƙa yana neman abin da ke aljihunmu, mu ba shi mu tsira da ranmu. In kuma abokin karatu ya tsokane mu, a nan ne za a gane ko mun koyi ƙa'ida ta huɗu.