Thomas Seebeck: Likitan da ya fitar da lantarki daga zafi, ya kuma rasu yana musun haka

Duk injin da ke aiki, daga na mota zuwa janareta, yana zubar da kaso mai yawa na ƙarfin mansa a matsayin zafi. Masana kimiyya na neman mayar da wannan zafi wutar lantarki, kuma hanyar da suke bi ta samo asali ne daga wani Bajamushe, Thomas Johann Seebeck.

An haife shi ranar 9 ga Afrilu 1770 a birnin Reval, wanda yanzu ake kira Tallinn, babban birnin Istoniya, a gidan wani attajirin ɗan kasuwa. Ya samu digirin likitanci a Jami'ar Göttingen a 1802, amma sai ya ajiye aikin likita ya koma binciken kimiyya. A garin Jena ya saba da marubuci Goethe, suka yi aiki tare kan haske da launuka. A 1818 ya koma Berlin.

A can ne, a 1821, ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut suka zama zobe, ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyi. Sai allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Shekara guda kafin nan, Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ya nuna cewa lantarki mai gudana a waya yana karkatar da allurar kamfas. Don haka Ørsted ya fahimci cewa bambancin zafin ne ya sa lantarki ke zagaya zoben.

Seebeck bai yarda ba. A ganinsa zafin ya mayar da ƙarafan maganaɗisu ne kai tsaye, har ya yi zaton bambancin zafi tsakanin sassan duniya shi ne tushen maganaɗisun ƙasa. Ya gwada ƙarafa da ma'adinai masu yawa, ya jera su gwargwadon ƙarfinsu. Ya rasu a Berlin ranar 10 ga Disamba 1831 yana kan ra'ayinsa. Ørsted ne ke da gaskiya, amma da sunan Seebeck ake kiran abin har yau.

Amfanin ya zo daga baya. Ma'aunan zafi na masana'antu da yawa suna aiki da wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban. A shekarun 1950, Tarayyar Sobiyet ta ƙera wata na'ura da ake ɗorawa kan fitilar kananzir, tana ba rediyo wuta a ƙauyukan da lantarki bai kai ba. Kumbunan Voyager biyu da Amurka ta harba a 1977 ma da wannan dabara suke samun wuta, daga zafin sinadarin fulutoniyam.

Matsalar ita ce yawancin na'urorin ba sa mayar da ko kashi 10 cikin 100 na zafin lantarki, kuma sinadaran da aka fi amfani da su masu tauri ne, masu saurin karyewa. Shi ya sa masu bincike ke ƙoƙarin samar da masu lanƙwasuwa, irin su robar da lantarki ke ratsawa, waɗanda za a naɗe wa bututu mai zafi ko a ɗaura a hannu, ɗumin jiki ya kunna ƙaramar na'ura. Sharaɗin dai bai canza ba tun zoben Seebeck: gefe ɗaya ya yi zafi, ɗayan ya zauna da sanyi.