Camille Pissarro (1830–1903): Mai Zanen Itatuwa Masu Huda

Camille Pissarro yana daga cikin manyan masu zanen da Faransa ke alfahari da su, ko da yake ba a can aka haife shi ba, kuma har ya mutu takardun ƙasar Denmak yake riƙe da su. Ya yi fice wajen zana gonaki da lambuna da manoma, musamman itatuwan marmari a lokacin da suke huda. Shi ne dattijon rukunin masu zanen da ake kira Impressionnistes da Faransanci, wato masu zana abu yadda ya faɗo wa ido a kallon farko, kafin hankali ya shiga ƙididdige ganye da reshe.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haife shi ranar 10 ga Yuli, 1830, a garin Charlotte Amalie da ke tsibirin St. Thomas a yankin Karibiyan. A wancan zamani tsibirin yana hannun Denmak, yanzu kuwa yana ƙarƙashin Amurka. Mahaifinsa Bayahude ne ɗan kasuwa da ya zo daga Bordeaux ta Faransa. Yawancin mazauna tsibirin baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, kuma sai a shekarar 1848 aka haramta bauta a can. Zane-zanensa na farko cike suke da waɗannan mutane, mata ɗauke da kaya a ka da ma'aikatan bakin teku.

Yana ɗan shekara 12 aka tura shi makarantar kwana a Passy, kusa da birnin Paris, inda ya fara koyon zane. Da ya koma gida yana da shekara 17 sai aka sa shi aikin lissafin kaya a tashar jiragen ruwa. Ya yi kimanin shekara biyar yana wannan aiki ba da son ransa ba. A 1852 ya bi wani mai zane ɗan Denmak, Fritz Melbye, zuwa Benezuwela, ya zauna kusan shekara biyu. A 1855 ya tafi Paris, bai sake komawa tsibirin ba.

Neman Hanya a Paris

A lokacin, mai zane ba ya samun suna ko kasuwa sai alƙalan babban baje kolin hukuma sun karɓi aikinsa. Abin da alƙalan suka fi daraja shi ne hotunan sarakuna da yaƙe-yaƙe da labaran mutanen da, waɗanda ake zanawa a cikin ɗaki, a goge su sumul har ba a ganin sawun buroshi. Pissarro ya karkata ga wani dattijo mai zanen karkara, Camille Corot, wanda ya ƙarfafa masa gwiwar fita waje ya zana abin da idonsa ke gani. Fitar ta yi sauƙi a zamaninsa domin tun 1841 aka ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake ɗura fentin mai a ciki, kuma jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Paris da ƙauyukan kewaye. A wata makarantar zane mai araha ya haɗu da Claude Monet da Paul Cézanne, waɗanda suka zama abokan tafiyarsa.

Ya zaɓi ya zana gonar kabeji da hanyar ƙauye da mace mai tsintar itace, abubuwan da masu kuɗi ba su ga dalilin rataye su a falo ba. Wannan zaɓi ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin zanen da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu, domin mutanen da suka yi shi shanu suka zana, wato abin da suke kwana suna tashi da shi.

A gida ma bai bi abin da ake so ba. Ya so Julie Vellay, 'yar manomin inabi da ke aikatau a gidan mahaifiyarsa, iyayensa kuwa suka ƙi. Da ita ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, suka haifi 'ya'ya takwas.

Yaƙi da Asara

A 1869 ya tare a ƙauyen Louveciennes, yamma da Paris. Shekara ɗaya bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furusiya, babbar daular Jamusawa ta lokacin. Ya kwashi iyalinsa suka gudu, suka bar zane-zanensa a gidan, daga baya suka tsallaka Landan. A can ya ɗaura aure da Julie a 1871, ya kuma haɗu da Paul Durand-Ruel, dillalin zane wanda daga baya ya zama babban mai sayen aikinsa.

Da ya dawo a tsakiyar 1871 sai ya tarar sojojin Furusiya sun mayar da gidan mahauta. Ƙyallayen da ya yi zane a kansu sun shimfiɗa su a kan taɓo suna takawa. An ƙiyasta cewa cikin zane kusan 1,500, aikin kimanin shekara ashirin, abin da ya tsira bai wuce 40 ba. Yana da shekara 41, ga iyali, ga talauci, kuma babu abin da zai nuna wa duniya a matsayin shaidar ƙuruciyarsa. Wannan ne dalilin da ya sa masu nazari har yau ba su da cikakken hoton yadda hannunsa ya faro.

Lambu Mai Huda

Da sanyi ya janye a 1872, ya fita bayan ƙauyen ya zana wani lambu da itatuwansa suka yi huda. Zanen ƙarami ne, tsayinsa santimita 45, faɗinsa 55, an yi shi da fentin mai a kan ƙyalle. A cikinsa akwai itatuwa lulluɓe da farin fure, ƙasa da aka kafce, sararin sama garau, da mutum biyu suna aiki. Babu soja, babu kango, babu wata alamar yaƙin da aka gama. Wasu na iya ɗaukar wannan a matsayin kau da kai daga abin da ya faru. Amma wanda ya san abin da mai zanen ya tarar a gidansa watanni kaɗan kafin nan zai ga cewa shi ma, kamar manoman da ya zana, gyaran gona yake yi bayan ɓarna.

Ya kamata a fahimci abin da ya sa itace mai huda ya dace da salon waɗannan masu zane. A Turai itatuwa irin su tuffa suna zubar da ganye ƙarƙaf a lokacin sanyi, sannan fure ya fito ya rufe rassa, ya yi mako ɗaya ko biyu ya kaɗe. Wanda ya tsaya zana kowane fure ɗaya bayan ɗaya, huda za ta wuce bai gama ba, balle hasken rana da ke sauyawa kowace sa'a. Haka abin yake ga mai kallon mangwaro a gonakin Sundimina ko Gwaram a lokacin hunturu. Daga nesa ba ya ganin fure ɗaiɗai, sai dai wani launi fatsi-fatsi da ya hau kan koren ganye, kuma launin da zai gani da safe cikin hazo dabam yake da na la'asar. Wannan gani na nesa Pissarro yake bi. Yakan ɗora fenti ɗigo-ɗigo da gajerun shafe, fari kusa da ruwan hoda, kore kusa da shuɗi, ba tare da ya cakuɗa su sosai ba, ya bar idon mai kallo ya haɗa su. Inuwa kuma ba ya yin ta da baƙi, domin ya lura cewa inuwar itace a kan ƙasa tana ɗauke da shuɗin sama. Idan aka matso kusa sai a ga dabbare-dabbare, idan aka ja da baya sai itacen ya tsaya.

Wannan zane yana cikin waɗanda ya kai baje kolin da shi da abokansa suka shirya da kansu a Paris, wanda aka buɗe ranar 15 ga Afrilu, 1874, kwanaki kaɗan bayan mutuwar 'yarsa Jeanne mai shekara takwas. 'Yan jarida suka yi musu ba'a, suka ce aikin da ba a gama ba ne. Daga sunan wani zanen Monet wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya laƙaba musu sunan da ya bi su. An yi irin wannan baje koli sau takwas tsakanin 1874 da 1886, kuma Pissarro kaɗai ne ya shiga dukkansu. Kasuwa dai ba ta buɗe ba. An ruwaito cewa wani mai gasa kek, Eugène Murer, ya taɓa shirya ƙuri'a don ya taimake shi, yarinyar da ta ci zanen ta nemi a musanya mata da kek.

Malanta

Bai taɓa riƙe aji ba, amma kaɗan ne cikin tsararrakinsa suka koyar kamarsa. Daga 1872 Cézanne ya riƙa bin sa gona a yankin Pontoise. A lokacin Cézanne mutum ne mai zafin rai, mai lafta fenti baƙi-baƙi da kauri. Pissarro bai ce ya kwaikwaye shi ba, sai ya kafa allonsa kusa da nasa, suka fuskanci abu ɗaya, kowa ya zana yadda ya gani. A 1877 sun yi haka a wani lambu da itatuwansa, masu 'ya'ya kamar ɗinya, suka yi huda a gindin tudu, kuma zanen kowannensu yana nan. Na Pissarro yana gidan adana zane na Orsay a Paris. Wanda ya dubi biyun zai ga lambu ɗaya da hannu biyu mabambanta. Paul Gauguin ma a wajensa ya goge tun yana ma'aikacin kasuwar hannun jari.

Bai kuma ji kunyar koyo daga na ƙasa da shi ba. A 1885, yana da shekara 55, ya haɗu da Georges Seurat, saurayin da ya haifa a shekaru, ya ɗauki salonsa na zane da ƙananan ɗigogi zalla. Ya yi shekaru huɗu zuwa biyar a kai, masu saye suka ƙara gudunsa, daga bisani ya bar salon domin ya ga jinkirinsa yana kashe saurin da kamun haske ke bukata.

Ƙarshen Rayuwarsa

Daga 1884 ya zauna a ƙauyen Éragny, ya sayi gidan a 1892 da rancen da Monet ya ba shi. A wannan shekara Durand-Ruel ya shirya masa babban baje koli, sai a lokacin, yana da shekara 61, ya fara samun sauƙin rayuwa. Itatuwan lambun gidan ya yi ta zana su a kowane yanayi na shekara. Da ciwon ido ya matsa masa, iska da ƙura suka hana shi tsayawa a fili, sai ya koma kama ɗaki a benen otal yana zana tituna ta taga a Paris da Rouen da Dieppe da Le Havre. Ɗansa Félix ya mutu a Landan a 1897. A shekarun nan ne kuma shari'ar Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, ta raba kan Faransawa, har tsohon abokinsa Edgar Degas ya yanke hulɗa da shi.

Ya mutu a Paris ranar 13 ga Nuwamba, 1903, yana da shekara 73, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise. A 2014 an sayar da ɗaya daga cikin zanen titunan da ya yi ta taga a kan kusan fam miliyan 20 a Landan. Zanen lambun Louveciennes kuwa tun 1970 yana gidan adana zane na ƙasa da ke birnin Washington a Amurka.